Manhajar firamare: abin da aka tsara a takarda da abin da ya rage wa gida

Littafin rubutun ɗan aji huɗu yana iya yaudarar uba. Ka buɗe ka ga shafi bayan shafi cike da rubutu tsaf, an ja layi ƙarƙashin kan magana, malami ya yi maki da jar biro. Amma ka ɗora yatsa kan jimla guda ka ce "karanta mini nan", sai ka ji shiru, ko ka ji yaro ya rero wani abu da ya haddace wanda ba shi ne a ƙarƙashin yatsanka ba. Abin da ya iya shi ne kwafar siffar haruffa daga allo, kamar mai kwaikwayon zanen hula. Karatun kansa bai samu ba. Wannan matsala ba ta Kano ko Sakkwato kaɗai ba ce. A ƙiyasin da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Duk wata magana kan manhajar firamare, in ba ta faro daga nan ba, to an bar jaki ana dukan taiki.

Manhaja ita ce takardar da ta fayyace abin da za a koya wa yaro, a wane aji, da abin da ake son ya iya in ya gama. A Najeriya hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ce ke tsara ta, mai hedikwata a Sheda kusa da Abuja. Daga can takardar ke gangarowa jihohi, inda hukumomin ilimin bai-ɗaya, wato SUBEB, da ma'aikatun ilimi ke yanka ta mako-mako, zango uku a shekara. Malamin aji kuma ya ɗauki rabon makonsa ya rubuta shirin darasi, hedimasta ya sa hannu. Mawallafa su ma kan wannan takarda suke gina littattafansu. Saboda haka abin da ɗanka ya ji a aji ranar Talata ya biyo ta hannu huɗu ko biyar kafin ya iso kunnensa, kuma kowane hannu yana iya rage wani abu.

Tarihin abin a taƙaice: a 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, UPE, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka tanadi malamai da azuzuwa. A 1977 aka fitar da manufar ilimi ta ƙasa, wadda daga cikinta tsarin 6-3-3-4 ya fito, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. A 1999 Obasanjo, wannan karon a farar hula, ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, dokar da ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Manhajar shekara tara ta fara aiki a 2008. Aka yi ta ƙorafin darussa sun yi wa yara yawa, aka sake fasali, sabon ya shiga aji a 2014.

Gyaran 2014 ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don ya nuna yadda ake rage darasi a takarda ba tare da an rage kaya a kan yaro ba. An tattara kimiyya da fasaha da motsa jiki da kwamfuta ƙarƙashin suna ɗaya. An kuma haɗa darasin addinin Musulunci da na Kirista da zamantakewa da tarbiyyar ɗan ƙasa da ilimin tsaro a inuwa guda, abin da ya jawo hayaniya daga shugabannin addinan biyu har aka dawo da darussan addini kowanne da cin gashin kansa. Yawan sunaye ya ragu, amma jakar yaro ba ta yi sauƙi ba, don kowane reshe ya ci gaba da zuwa da littafinsa da jarrabawarsa. A 2025 gwamnatin tarayya, ƙarƙashin ministan ilimi Tunji Alausa, ta sake sanar da wani gyaran: aji ɗaya zuwa uku darussa 9 zuwa 10, su ɗan ƙaru daga aji huɗu, inda ake shigo da sana'o'in farko kamar noma da tattalin gida da sanin na'urorin zamani. Tarihin Najeriya, wanda aka daɗe ana kukan ɓacewarsa daga jadawali, ya samu gurbinsa tun daga ƙananan azuzuwa.

Darasi tara ko goma ga ɗan shekara shida har yanzu da yawa, a ganina. Amma ba yawan ne ya fi damuna ba. Abin da iyaye da dama ba su lura da shi ba shi ne darussan nan ba matsayinsu ɗaya ba. Manhajar an gina ta ne kamar tsani. Daga aji ɗaya zuwa uku yaro na koyon karatu. Daga aji huɗu an ɗauka ya riga ya iya, sai a fara amfani da karatun a koya masa sauran abubuwa: a ba shi shafi kan narkewar abinci ko kogunan Neja da Binuwai, a ce ya karanta ya amsa tambayoyi. Wanda bai iya karatu ba a ƙarshen aji uku, ba darasi ɗaya ya faɗi ba. Ƙofar sauran duka ta rufe masa. Lissafi ma haka yake. Wanda bai gane cewa 3 ɗin da ke cikin 35 talatin ce ba, ba zai gane aron da ake yi a ɗebewa ba, wanda bai riƙe jadawalin sau ba zai maƙale a rabawa, daga nan kuma ɓangarori da kashi cikin ɗari su zame masa baƙin daji.

Shi kuwa jadawalin mako-mako ba ya jiran kowa. Mako na biyar ya zo, dole malami ya shiga darasin mako na biyar, don abin da mai duba makarantu zai tambaya ke nan: ina aka kai? Ba kasafai ake tambayar yara nawa suka gane na mako na huɗu ba. Ka lissafa da kanka: darasi na minti 35, aji mai yara 100, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na manyan biranenmu. Ko da malami bai yi bayanin komai ba, ya raba lokacin daidai, kowane yaro daƙiƙa 21 zai samu. To yaushe zai saurari karatun kowa? Sai ya koma ga abin da zai yiwu: ya rubuta a allo, ya faɗa su amsa da murya ɗaya, su kwafa. A cikin amshin nan na taro, yara goma na gaba ne ke karatu, sauran bakinsu kawai ke motsi. Ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba, don ba a cika maimaita aji ba, kuma ko an so, ina za a ajiye su?

Akwai kuma batun malaman kansu, wanda ba na so in mai da shi zagi, don na san abin da malamin firamare ke ɗauka a wata da irin jiran da yake sha. Amma ba a manta da abin da ya faru a Kaduna a 2017 ba, lokacin da gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawar da aka ce ta matakin aji huɗu ce, aka sanar cewa sama da 21,000 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya kan yadda aka shirya jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya. Ko wane ɓangare ka ɗauka, abin ya nuna takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a doka, ba kullum take tabbatar da mai ita ya san yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali ba.

Sai maganar harshe, wadda ta fi kowacce sarƙaƙiya. Shekara da shekaru manufar ilimi ta ƙasa tana cewa a koyar da aji ɗaya zuwa uku da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin, Turanci ya zama darasi, daga aji huɗu a juya. Tun a shekarun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida cur, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnati ta amince da harshen uwa har aji shida. A Nuwamba 2025 gwamnati mai ci ta soke wannan, ta ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar cewa yankunan da suka fi riƙo da harshen gida sun fi faɗuwa a jarrabawar ƙarshen sakandare. Ni ban gamsu da hujjar ba, don manufar 2022 ba ta taɓa samun littattafai da horon malaman da za a ce an gwada ta ba, balle a ɗora mata laifin faɗuwar waɗanda suka bar firamare tun kafin a yi ta. Abin da ke faruwa a yawancin azuzuwan karkara ba koyarwa da Hausa ba ne, ba kuma koyarwa da Turanci ba: malami ya karanta jimla da Turanci, ya fassara da baki, ya rubuta Turancin a allo a kwafa. Yaro ya tashi bai iya karanta ko ɗaya ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san irin wannan ciwo da Faransanci, inda ɗan Maraɗi ko Damagaram ke shiga aji ranar farko a tarbe shi da harshen da bai taɓa ji a gida ba.

Abin da ya sa harshe ke da nauyi haka shi ne karatu aiki biyu ne a haɗe: gane sautin da harafi ke wakilta, da gane ma'anar kalmar da sautukan suka tayar. Hausar boko tana da sauƙi ta fuskar farko. Wasula biyar ne, kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu, ya san ka, ke, ki, ko, ku, zai haɗa "baki" da "biki" da kansa, kuma yana haɗawa hoton abin ya faɗo masa a rai, don ya san baki ya san biki. Abin da zai ɗan ba shi wuya bai wuce masu ƙugiya ba, ɓ da ɗ da ƙ, da tagwaye irin su sh da ts da ky. Turanci kuwa harafi guda na iya ba da sauti uku ko huɗu, ga shi ko yaro ya furta kalmar daidai bai san me take nufi ba. Shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa da aka yi a shekarun baya, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, kan wannan fahimta aka gina su. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. Wanda ya same ta da Hausa, da ita zai shiga Turanci.

A nan ne gida ke shigowa, kuma ba ta ƙofar da aka saba zato ba. Da an ce iyaye su taimaka, sai uwar da ba ta yi boko ba ta ce ita me ta sani, uba kuma ya ɗauka ana nufin ya biya kuɗin lasin. Alhali Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake bibiyar karatun yaro. Dubi makarantar allo. Ba a wanke wa yaro allo sai ya biya abin da ke kai. Ana farawa da babbaƙu, a zo farfaru, kafin a kai ga haɗa kalma, kowane yaro da inda ya tsaya, ba a ce don Laraba ta yi kowa ya koma sura ta gaba. Kuma a gida, uwa ko kaka kan ce "zo ka biya mini karatunka", ta saurara tana tankaɗe, ta gyara inda ya karkace. Wannan ɗabi'a ce muka kasa ɗaukowa zuwa boko. Muna tambayar ɗan Islamiyya izu nawa ya kai, muna sa shi ya karanta mu ji. Ɗan boko kuwa tambayarsa ɗaya ce a ƙarshen zango: na nawa ka zo? Alhali zuwa na uku a ajin da kusan kowa bai iya karatu ba, ba abin yanka kaza ba ne.

Abu na farko ke nan: a saurara. Minti goma ko sha biyar bayan magariba ko kafin barci, yaro ya karanta da ƙarfi, yatsansa na bin kalma. Don a bambance karatu da hadda, a buɗe shafin da ba a kai ba a aji, ko a sa shi ya faro daga ƙarshen layi, ko a miƙa masa abin da ba na makaranta ba: rubutun jikin kwalin ashana, allon shago, saƙon da aka turo a waya. In ya gama a tambaye shi da Hausa, me aka ce a nan? Uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana iya gane mai karatu da mai kame-kame, kamar yadda take gane mai tilawa da mai gunguni, kuma tana iya gane ko labarin da ya ba ta ya yi ma'ana. In akwai yaya ko yayar da ta yi gaba, a ɗora mata gyaran, amma babba ya zauna a wurin. Zaman nan shi ke gaya wa yaro abin yana da daraja.

In aka gano ɗan aji huɗu ko biyar bai iya ba, duka ba zai kawo shi ba, kuma littafin ajinsa ma ba zai kawo shi ba. Komawa baya ake yi, zuwa inda ya tsaya. In haruffa ne bai sani ba, a faro daga sautinsu. In ya san su ɗaya-ɗaya amma ba ya iya haɗawa, a zauna kan gaɓoɓi da alli a bango ko da tsinke a ƙasa. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta yi suna da wannan hanya, ta karkasa yara bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, kuma an gwada ta a wasu jihohin Arewa. Babban yaro ya fi ƙarami saurin kamawa in an sauko daidai da shi, matuƙar ba a kunyata shi gaban ƙannensa ba. Kafin a yanke masa hukuncin daƙiƙanci kuma, a duba ko yana ganin allo daga inda yake zama, ko kunnensa na ji sosai. Yara da yawa da ake kira marasa ƙoƙari, ido ne ko kunne, ko yunwar safe.

Hira ma karatu ce, ko da ba ta yi kama da shi ba. Yaron da aka saba yi wa tatsuniya, ya san Gizo zai yi dabara kuma dabarar za ta juye masa, ya riga ya san yadda labari ke tafiya: farko, rikici, warwara. In aka tsaya a tsakiya aka ce "kai me kake gani Ƙoƙi za ta yi?", ana koya masa hasashe ne, abin da littafin aji biyar zai nema a gare shi. Kacici-kacici na koya masa ma'anar da ke ɓoye bayan kalma. Karya harshe irin na ƙato da kwaɗo da ƙoto yana wasa kunnensa ya rarrabe sautuka masu kama da juna, kuma wannan rarrabewa ita ce matakin farko na haɗa baƙi. Abin takaici, lokacin da ake yin waɗannan shi ne waya da talabijin suka cinye, na manya kafin na yara.

Lissafi ya fi komai sauƙin koyarwa a gida, don gidan cike yake da shi. Yarinyar da ke kai ƙosai ko gyaɗa tana ba da canjin naira 500 ba ta kuskure, amma a aji a rubuta mata 500 a cire 350 ta tsaya tana kallo. Lissafin yana kanta, alamar ce ba ta haɗa da shi ba. Aikin gida shi ne ƙulla biyun: in ta ba da canji da baki, a ce ta rubuta yadda ta yi. Gwangwani nawa ke cika mudu, rabin tiya nawa ne in tiya kaza ce, in an raba lemo shida ga mutum huɗu kowa me zai samu? Ɓangarori ke nan da rabawa, ba tare da an kira su da sunan da ke firgita yaro ba. Tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma ya fi kowane bayani nuna bambancin goma da ɗaya.

Game da jinga, kuskuren da ya fi yawa a gidajen 'yan boko ne: uwa ta gaji, dare ya yi, ta karɓi fensir ta cike, ko ta faɗi amsa yaro ya rubuta. Gobe malami ya ga komai daidai ya wuce gaba, an rufe masa ido daga ramin da ya kamata ya gani. Gara yaro ya koma da kuskurensa. Lasin kuma, in maimaita kwafar safe ce da yamma a wani ɗaki mai yara arba'in, ba abin da ya ƙara sai gajiya, musamman ga yaron da ya fita boko da safe, ya wuce Islamiyya da la'asar, ya yi karatun dare. Irin wannan yaro barci yake bukata fiye da ƙarin darasi. Akwai kuma al'adar da ta yaɗu a makarantun kuɗi, ta tsallake aji shida, wani lokaci har da biyar, a kai ɗan shekara tara sakandare don a ce yana da ƙwaƙwalwa ko don a rage kuɗin shekara guda. Manhajar shekara shida aka tsara ta, kuma manyan azuzuwan ne ke ɗaure abin da aka faro a ƙasa. Cin jarrabawar shiga sakandare bayan an haddace tsofaffin tambayoyi ba ya nufin an taka waɗannan matakai.

Fashi kuwa, a manhajar da ke tafiya mako-mako, ya fi tsada fiye da yadda ake zato. Yaron da ke rasa ranar kasuwa kowane mako ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa. Wanda ke isa bayan an dawo tara saboda ɗiban ruwa ko tallan safe, Turanci da lissafi yake rasawa, don su aka fi sa wa a farkon jadawali. Lokacin shuka da girbi kuma kowa ya san yadda azuzuwan ƙauye ke zama. Ba kowane gida ke da halin sakin yaro gaba ɗaya ba, amma ana iya juya aikin zuwa yamma, ko a karɓa-karɓa tsakanin yara don kada nauyin ya faɗa kan ɗaya, wadda galibi 'ya mace ce.

Sai zuwa makarantar. Yawancin iyaye ba sa taka ƙafa can sai an kira su kan faɗa ko kuɗi. Uba ya je sau ɗaya a zango, ba da fushi ba, ya gaisa da malamin aji, ya ce: Malam, me ake so yaron nan ya iya kafin hutu, kuma ina ka ga yana da rauni? Ya roƙi a nuna masa jadawalin zangon, ya ɗauki hotonsa a waya. A aji mai yara 100, wanda aka san fuskar ubansa ba ya ɓacewa a layin baya. Makarantun gwamnati kuma suna da kwamitin al'umma, SBMC, inda iyaye da masu unguwa da mata ke da kujera. A taronsa an fi maganar rufin da iska ta yaye da benci da rijiya, kuma duk suna da muhimmanci. Amma ba abin da ya hana wani uba ya miƙe ya nemi a ɗauki yini guda a zango, a zaunar da 'yan aji uku ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa layi huɗu na Hausa da huɗu na Turanci ya karanta, a ƙirga waɗanda suka iya, a faɗi adadin a taro na gaba.